Yadda ake gano matsalar lantarkin mota da dabarar kashe fitilar jakar iska ta haifar

Akwai motar da ake kawo wa mai gyaran waya da koke uku ko huɗu waɗanda a ido ba su da dangantaka da juna: batir yana mutuwa idan ta kwana biyu a ajiye, hon yana yi yau gobe ya ƙi, ƙarar tunin ɗaura bel tana tashi alhali babu kowa a kujerar gefen direba, wani lokaci kuma alluran dashbod su faɗi su sake tashi ana cikin tafiya. Mai motar ya riga ya canza batir, wataƙila har da altaneta, amma abin bai daina ba. Idan aka bi diddigi, sau da yawa akan tarar cewa fitilar gargaɗin jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum lokacin karo, ta taɓa kamawa a baya, wani kuma ya kashe ta da dabara maimakon ya gyara abin da ya kunna ta. Wannan bayani na wanda irin wannan mota ta faɗo hannunsa ne, ko a haka ya saye ta, ko shi da kansa ya sa aka yi masa dabarar don fitilar ta ishe shi.

Kafin ka ɗauki sifana, ya kamata ka san abin da aka yaudara. Jakunkunan iska suna da tasu ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa su, wadda galibi take ɗaure a tsakiyar mota kusa da wurin giya. Kowace jaka, da kowace na'urar da ke fizge bel ta matse shi lokacin karo, tana da ɗan abin kunnawa mai kama da kan ashana, wanda juriyarsa ga wuta take tsakanin om 2 zuwa 3. Muddin makulli yana kunne, ƙwaƙwalwar tana aika ɗan ƙaramin wuta tana auna wannan juriya, kuma da zarar ta ga ta hau ko ta sauka daga iyakar da aka sa mata, sai ta kunna fitilar gargaɗi ta rubuta lambar matsala. A kujerar gefen direba kuma akwai sensar da ke gaya mata ko akwai mutum zaune, kuma ko babba ne ko yaro. A Amurka doka ta wajabta irin wannan tsari a kan sabbin ƙananan motocin da aka ƙera daga Satumba 2006, shi ya sa ya yawaita a motocin da suka fito daga can. Wasu kamfanoni suna sa siririyar shimfiɗa mai wayoyi a cikin soson kujera, wasu jaka mai ruwan silikon, wasu kuma sensocin nauyi a ƙafafun kujerar. Siririyar shimfiɗar nan ita ta fi saurin tsagewa, musamman idan ana yawan durƙusa mata gwiwa don ɗauko kaya a baya.

Dabarun da ake yi iri uku ne. Akwai mai cusa resista, wato ɗan abin lantarki mai ƙayyadadden om, a bakin soket a madadin jakar da ta fashe ko wayar da ta tsinke, don ƙwaƙwalwa ta ga om ɗin da take nema. Akwai ɗan akwatin kwaikwayo da ake saya a jona ƙarƙashin kujera, wanda aikinsa kawai ya riƙa cewa akwai babban mutum zaune ko da kujerar babu kowa. Na uku shi ne a buɗe dashbod a cire ƙwan fitilar, ko a liƙe shi da baƙin tef, ko a haɗa shi da fitilar mai ko ta caji. Kowanne yana barin nasa sawu, kuma aikinka shi ne bin wannan sawu har ka dawo da fitilar kan gaskiyarta, domin ita ce shaidar da za ta nuna maka ainihin abin da ya lalace tun farko.

Fara da gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa, amma kada ka tayar da injin. Fitilar jakar iska ta gaskiya takan kama na kimanin daƙiƙa 6 sannan ta mutu da kanta, yayin da fitilar mai da ta caji suke ci gaba da ci har sai injin ya tashi. Idan ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa an cire ƙwan ko an rufe shi. Idan kuma ta tsaya tare da ta mai, ba ta mutu ba sai a daidai lokacin da injin ya tashi, to an ɗaura ta a kan wata fitila ne. Wannan dabara ta ƙarshe tana da wata illa da mutane ba su cika lura da ita ba: a motoci masu tsohon tsarin altaneta, ta hanyar fitilar caji ne altaneta take samun wutar farko da take fara aiki da ita, don haka duk wanda ya taɓa wannan layi yana iya jawo cajin da ba ya tsayawa daidai, a yi ta zargin altaneta mai lafiya. Daga nan sai ka duba ƙaramar fitilar da ke nuna ko jakar fasinja tana kunne ko a kashe, idan motar tana da ita. Kujera babu kowa amma tana nuna a kunne, ga kuma ƙarar bel tana damunka, alama ce mai ƙarfi ta akwatin kwaikwayo.

Mataki na biyu shi ne a sa wa motar kwamfuta, kuma a yi haka tun kafin a cire kan batir ko a goge komai. Ƙaramar na'urar nan mai arha da ke karanta injin kaɗai ba za ta wadatar ba, sai wadda take shiga duk ƙwaƙwalen motar. Soket ɗin binciken mai baki 16 yana ƙarƙashin dashbod ta wajen direba. Lambobin da suka fara da B na jikin mota ne, a nan matsalolin jakar iska suke, kamar B0001 da ke nufin layin kunna jakar direba. Waɗanda suka fara da U kuwa na yankewar magana ne tsakanin ƙwaƙwale: U0151 yana nufin an daina jin ƙwaƙwalwar jakar iska, U0154 kuma an daina jin na'urar tantance mai zama a kujera. Rubuta kowace lamba a takarda tare da ƙwaƙwalwar da ta bayar da ita, da kuma ko matsalar tana nan yanzu ko tsohuwa ce, saboda idan ka goge su tun yanzu ka jefar da taswirarka.

Kada ka tsaya a kan lambobi kawai, shiga wurin da na'urar take nuna bayanai kai tsaye. Duba abin da take faɗi game da kujerar fasinja babu kowa a kanta, sannan ka sa wani ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Idan rubutun bai motsa ba, ba sensa ke magana ba. Haka nan duba om ɗin layin jakar direba kana juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan hon da maɓallan sitiyari suna ɗaukewa yayin da kake juyawa, amma adadin nan ya tsaya cak kamar an zana shi, akwai dalilin zargin cewa naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari ta tsinke, an kuma sa resista kafin a kai gare ta. Wannan naɗaɗɗiyar waya ita ke ɗauke da layin jakar direba da na hon da na maɓallan gaba ɗaya, shi ya sa suke lalacewa tare. Idan kuwa kwamfutar ta kasa shiga ƙwaƙwalwar jakar iska sam, duba fis ɗinta, domin akwai masu zare shi su bar wurin fayau.

Na uku, tabbatar da lafiyar batir da caji, don kada ka yi ta farautar abin da ba shi ne ba. Batir mai cikakken caji da ya huta yakan nuna wajen volt 12.6, idan injin yana aiki kuma a ga tsakanin 13.5 zuwa 14.7. Raunin batir shi kaɗai yana iya cika ƙwaƙwale da lambobin U na ƙarya.

Idan koken shi ne mutuwar batir, a nan za ka ɓata lokaci mafi yawa, kuma ya cancanci a ɓata shi. Kashe komai, zare makulli ka nisanta shi da motar, buɗe ƙofofin da za ka buƙata sannan ka tura maƙallin kowace ƙofa da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe suke. Sa mitar awo a ma'aunin amfiya 10, ka jona ta tsakanin kan batir mai alamar debewa da wayarsa, yadda duk wutar da motar ke sha za ta bi ta cikin mitar. Daga nan kada ka murɗa makulli, kada ka taɓa kujera mai lantarki, don fis ɗin cikin mitar zai ƙone. Sai ka jira. Motocin zamani ba sa barci nan take, wato ƙwaƙwalensu ba sa daina aiki da zarar an kashe mota, wasu sukan ɗauki minti 20, wasu har kusan awa guda. Bayan ta yi barci, abin da ake sa rai shi ne ƙasa da miliamfiya 50 (miliamfiya 1000 ne amfiya 1). Don ka gane girman abin, a ce ka ga miliamfiya 300: a awa 24 ta sha amfiya-awa 7.2, wato batir mai amfiya-awa 60 zai zubar da kusan rabin cajinsa cikin kwana 4, kuma a wannan hali ba lallai ya iya juya kik ba.

Hanyar da aka saba ita ce zare fis ɗaya bayan ɗaya har adadin ya faɗi, amma ni ban fi son ta ba, domin duk lokacin da ka mayar da fis kana iya tayar da wata ƙwaƙwalwa daga barci, sai ka koma jiran farko. Idan kana da mita ta biyu, sa ta a ma'aunin milivolt ka taɓa ƙananan ƙarafa biyun da ke leƙowa a bayan kowane fis. Wanda ba wuta ke bi ta cikinsa zai nuna sifiri, wanda ake sha ta cikinsa zai nuna wani ɗan adadi. Akwatin kwaikwayo yakan sha batir ta hanya biyu. Ko dai wanda ya ɗaura shi ya ɗebo masa wuta daga layin kujera mai lantarki, wanda ba ya mutuwa ko an zare makulli, ko kuma akwatin ya riƙa aika saƙo a layin sadarwa, wato wayoyin da ƙwaƙwalen motar ke magana da juna ta cikinsu, ba dare ba rana, ya hana sauran ƙwaƙwalen barci. A yanayi na biyu za ka ga fis da yawa suna shan wuta a lokaci guda, ko adadin ya sauka ya sake tashi bayan kowane 'yan mintuna. Wanda bai san wannan ba sai ya canza rediyo ko dashbod, alhali an hana su barci ne kawai.

Yanzu aka zo wurin sa hannu, kuma a nan ba a gaggawa. Idan kujerar mai lantarki ce, matsar da ita inda za ka iya kaiwa ga notocinta tun da sauran wuta. Zare makulli, cire kan batir mai alamar debewa, ka naɗe shi da tsumma don kada ya koma ya taɓa. Sannan ka jira, saboda ƙwaƙwalwar jakar iska tana da ma'ajiyar wuta a cikinta wadda aka yi don ta iya fasa jaka ko da batir ya tarwatse a karo. Toyota tana cewa a jira aƙalla daƙiƙa 90, Honda minti 3, wasu kamfanoni fiye da haka. Idan littafin motarka ba ya hannunka, jira minti 10, babu abin da za ka rasa. Wayoyi da soket na jakar iska galibi launin rawaya ne. Kada ka taɓa ɗora mitar awo ko fitilar gwaji a bakin jakar iska ko na'urar matse bel, domin mita tana auna om ne ta hanyar tura wuta, jaka kuwa tana buɗewa cikin ƙasa da kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, babu hannun da zai riga ta janyewa. Idan ka ciro jaka, riƙe ta fuskarta tana kallon nesa da jikinka, ka ajiye ta fuskar tana sama.

Haska tocila ƙarƙashin kujerar fasinja. Abin da kamfani ya ɗaura yana da tsari: wayoyi a naɗe cikin riga ɗaya, an maƙale su a jikin kujera da 'yan maƙallai. Abin da aka ƙara daga baya ba ya ɓuya. Na taɓa ɗaga kujerar wata mota da batir ɗinta ke mutuwa duk kwana uku, na tarar da ɗan baƙin akwati bai kai kwalin ashana biyu ba, an ɗaure shi da igiyar roba a jikin ƙarfen kujera. Jar wayarsa an soke ta cikin wayar wutar kujera da irin maƙallin nan mai haƙori da ake matsewa da filaya, kuma da na buɗe maƙallin, rabin silin tagullar ya yanke, sauran ya yi kore. Can gefe, inda kujera ke zamewa gaba da baya, rigar wata waya ta goge har tagulla ta fito tana sheƙi, ga ɗan baƙin tabo a jikin ƙarfen inda take taɓawa. Wannan tabo shi ne dalilin da fis ɗin kujera yake ƙonewa duk lokacin da dogon mutum ya tura ta baya. Ɗauki hoton duk abin da ka gani kafin ka cire, ka bi kowace baƙuwar waya har ƙarshenta, domin wanda ya yi dabara ɗaya yakan yi biyu: idan akwatin ya ce kullum akwai mutum, ƙarar bel za ta dame shi, sai ya je ya haɗe wayoyin bakin bel ɗin su ma. Taɓa kafet ɗin wurin kuma, idan da danshi, ruwa ya shiga soket, kuma mai yiwuwa shi ne asalin abin da ya kunna fitilar.

Tunda batir yana cire, yi amfani da damar ka auna layin sadarwar motar, musamman idan ka ga lambobin U da yawa ko alluran dashbod suna faɗuwa. A soket ɗin bincike, sa mita a ma'aunin om tsakanin baki na 6 da na 14. Lafiyayyen layi yakan nuna wajen om 60, saboda akwai resista biyu masu om 120 a ƙarshensa biyu. Idan ka ga 120, layin ya yanke a wani wuri ko an cire ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Idan ka ga kusan sifiri, wayoyin biyu sun haɗe. Wasu sabbin motoci suna da ƙwaƙwalwar da ke tsakanin soket ɗin da sauran layukan, don haka awon da ka yi a nan ba zai nuna maka duka ba, sai ka nemi taswirar wayoyin motar. Duba kuma wayoyin da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota kusa da kujera da wurin giya, domin masu ƙara na'ura suna son kwance notin nan su cusa tasu waya, su bar shi a sake.

Cire duk abin da aka ƙara, ka dawo da ƙwan fitilar jakar iska yadda yake tun farko idan an taɓa shi, ka mayar da soket na asali mazauninsa har ka ji ya yi ƙas, ka tura makullinsa. Wayar wutar kujera da aka raunata ana iya yanke wurin a haɗa da mahaɗi mai kyau a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Wayoyin rawaya kuwa hukuncinsu daban ne. Kamfanoni da yawa sun hana a yi musu ƙari, wasu sun yarda amma da nasu kayan haɗi da nasu ƙa'ida, dalili kuwa shi ne layin da gaba ɗayansa om 2 ne ko 3, ƙarin rabin om daga mummunan haɗi ya isa ya rikita awon. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef ba gyara ba ne a nan. Idan an yanka su, a sayi wannan ɓangaren wayar a canza.

Mayar da kan batir babu kowa a cikin motar, kuma karon farko ka murɗa makulli kana tsaye a waje, ka miƙa hannu ba tare da ka sa ƙirjinka gaban sitiyari ba. Fitilar jakar iska za ta kama ta tsaya, kuma haka ake so. Sake karanta lambobi: abin da ya fito yanzu shi ne ciwon asali. Idan shimfiɗar kujera ce, a canza ta. Idan naɗaɗɗiyar wayar sitiyari ce, a sa sabuwa tayoyi suna kallon gaba sosai, kuma kada a zare maƙallin da ta zo da shi sai ta zauna, don idan ba a tsakiya aka ɗaura ta ba za ta tsinke a kwanar farko. Idan ka tarar da resista a inda jaka ya kamata ta kasance, to motar ta taɓa karo, kuma maganar ta wuce waya: ana buƙatar jaka, da bel ɗin da ya riga ya fizge, sau da yawa har da ƙwaƙwalwar, domin takan riƙe bayanin karo wanda gogewa ta yau da kullum ba ta cire shi. Wasu motoci ma suna da abin da ke tsinke babbar wayar batir lokacin karo, kuma idan aka yi masa gada da waya maimakon a canza shi, daga nan matsalar kik da caji take farawa.

A motocin da ke auna nauyi, kwance kujera kaɗai ya isa ya ɓata awon, don haka bayan an ɗaure notocinta da ƙarfin da littafi ya faɗa, sai a yi mata saitin sifiri da kwamfuta, mota a wuri mai daidai, kujera babu komai a kanta ko ƙarƙashinta. Sannan a goge lambobi, a kashe, a kunna, a ga fitilar ta kama ta mutu da kanta. Tura kujerar gaba da baya har ƙarshe, juya sitiyari hagu da dama kana danna hon, sa mutum ya zauna ya tashi kana kallon bayanan suna canzawa, sannan ka maimaita awon shan batir bayan motar ta yi barci. Idan kayan gyaran ba su samu nan kusa ba, gara a bar fitilar tana ci kowa yana ganinta, a kuma ɗauka jakunkunan ba za su yi aiki yadda ya kamata ba. Har zuwa ranar da za a gyara, kada a ɗaura kujerar jariri a gaba, kada kuma a zaunar da yaro a wurin, yara su koma kujerar baya da bel ɗinsu.